Katin Tunawa: Darasi daga Ƙauyukan Hausawa na Jazira da Shuɗin Nilu

Karatu: Joshuwa 4:1-13, 1 Sama'ila 30:9-25, 2 Sama'ila 1:17-27

Darasinmu na wannan mako na aikin hannu ne. Za mu koyi yadda iyali za su zauna tare su haɗa kati da hannunsu, domin girmama wani nasu da ya yi hidima a lokacin yaƙi, ko yana da rai ko ya riga mu gidan gaskiya. Kayan aikin ba su da tsada. Abin da yake da nauyi shi ne abin da za a rubuta a ciki, gama abin da muka rubuta game da yaƙi shi 'ya'yanmu za su gada. In mun bar musu godiya, godiya za su riƙe. In kuwa gaba muka bar musu, ita za su ɗauka su ci gaba da ita.

Duwatsu goma sha biyu

Sa'ad da Isra'ilawa suka haye Kogin Urdun, Ubangiji ya umarci Joshuwa ya zaɓi mutum 12, ɗaya daga kowace kabila. Kowannensu ya saɓa dutse ɗaya daga tsakiyar kogin, daga inda firistoci suka tsaya, aka kai duwatsun masauƙi, daga baya aka kafa su a Gilgal. An kuma faɗi dalili. Wata rana yara za su ga duwatsun su yi tambaya, iyaye kuma su ba su labari.

Mu lura da abu biyu. Na fari, Allah ya san halin ɗan adam na mantuwa, shi ya sa ya ba su abin da ido zai gani, hannu kuma ya taɓa. Na biyu, dutse ba ya magana. Aikinsa shi ne ya sa yaro ya buɗe baki ya yi tambaya. Katin da za mu yi ma haka yake. Kwali ne kawai da tawada, amma ran da jika ya ciro shi daga cikin akwati ya ce, "Kaka, wane ne wannan?" to, kati ya yi aikinsa.

Wani zai ce, ai kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, don me za a tono abin da ya wuce? Gaskiya ne akwai tunanin da yake hana barci. Amma Hausawa sun kuma ce waiwaye adon tafiya. Ciwon da aka rufe ba a wanke ba shi yake ruɓewa. Darasin nan yana koya mana irin waiwayen da yake warkarwa.

'Yan'uwanmu na bakin Nilu

Don mu ga nauyin wannan al'amari, bari mu kai hankalinmu gabas mai nisa, ƙasar Sudan, inda akwai ƙauyuka masu yawa da ake kwana ake tashi da harshen Hausa. Da yawa daga kakanninsu mahajjata ne da suka bi hanyar Makka da ƙafa, suka yada zango, zango ya zama gida. Waɗansu kuma yaƙi ne ya kawo su. A shekarar 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya fita da jama'a mai yawa ya nufi gabas, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli na shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Maiwurno ya ci gaba da sauran jama'a, Fulani da Hausawa, har suka zauna kusa da Sinnar, a bakin kogin da ake kira Shuɗin Nilu. Garin da suka kafa har yau sunansa Maiwurno. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe babbar gonar auduga ta Jazira tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, Hausawa kuma suka shiga aikin noma da tsinkar auduga. Yawancin mutanen nan Musulmi ne. Harshenmu ɗaya da su, baƙin cikinsu kuma ya shafe mu.

Ƙasar da suka zauna ta sha ganin yaƙi. A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu suke kira Yaƙin Hitila, sojojin Italiya sun kama Kassala da Kurmuk a watan Yuli na 1940, aka ƙwato Kassala a Janairun 1941. Yaƙin basasar Sudan na 1983 zuwa 2005 ya taɓa kudancin jihar Shuɗin Nilu, faɗa ya sāke tashi a can a 2011. A watan Yuli na 2022 rikicin ƙasa da sarauta ya ɓarke tsakanin Hausawa da waɗansu maƙwabtansu a jihar, fiye da mutum 100 suka mutu. A watan Oktoba na shekarar aka sāke rasa fiye da mutum 200 a yankin Wad al-Mahi. An yi makoki a kowane ɓangare.

Sai kuma ranar 15 ga Afrilu 2023, da yaƙi ya tashi a Khartum tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF. Dubban ɗaruruwan mutane suka gudo Jazira, garin Wad Madani da ƙauyukan kewaye suka karɓe su. A Disambar 2023 RSF ta kama Wad Madani, masu masauki da baƙinsu suka gudu tare. A ƙarshen Yunin 2024 aka kama Sinja, babban birnin jihar Sinnar. Sojoji suka karɓe Sinja a Nuwambar 2024, suka kuma karɓe Wad Madani a Janairun 2025. A watan Yunin 2024 hukumar ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce masu gudun hijira a cikin ƙasar Sudan sun haura miliyan 10.

Waɗannan lambobi ne, lamba kuwa ba ta da fuska. Ba wanda ya taɓa yin kuka saboda miliyan 10, amma kowa yakan yi kuka saboda mutum ɗaya da ya san sunansa. Aikin kati shi ne ya ciro mutum ɗaya daga cikin lissafi ya mayar masa da sunansa.

Masu sauraronmu na Nijeriya da Nijar ma ba baƙin wannan labari ba ne. Akwai gidajen da kakansu ya je Boma a Yaƙin Duniya na Biyu, akwai waɗanda ubansu ya yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, akwai waɗanda ɗansu ya yi aikin kiyaye zaman lafiya a Darfur daga 2004, ko ya faɗi a bakin daga a yankin Tafkin Chadi. A Nijeriya ana tunawa da 'yan mazan jiya ranar 15 ga Janairu kowace shekara. Wannan bikin gwamnati ne, da fareti da furanni. Katin nan kuwa na cikin gida ne.

Sunan wa zai shiga kati?

A nan labarin Dawuda a Ziklag yake yi mana jagora. Amalekawa suka ƙone garin suka kwashe mata da yara. Dawuda ya bi sawunsu da mutum 600. Da suka kai rafin Besor, mutum 200 suka gaji ƙwarai, suka kasa hayewa, aka bar su wurin kaya. Mutum 400 suka ci gaba, suka ƙwato kome da kome. Da aka komo, waɗansu daga cikin mayaƙan suka ce kada a ba masu tsaron kaya kome daga ganima, sai dai kowa ya ɗauki matarsa da 'ya'yansa ya tafi. Dawuda ya ƙi. Ya yanke cewa rabon wanda ya tsaya wurin kaya daidai yake da na wanda ya shiga yaƙi, wannan kuma ya zama doka a Isra'ila.

Saboda haka kada mu ce kati na mai kaki ne kaɗai. Soja ya cancanci girma, gama ya sa ransa a gaba. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A lokacin yaƙin Sudan, mutanen unguwa sun kafa tukwanen taimako da ake kira takaya, inda ake dafa abinci a raba wa duk mai jin yunwa, matasa kuma suka kafa ƙungiyoyin agajin gaggawa a unguwanninsu. Ka tuna da irin waɗannan a gidanku. Uwar da ta goya ɗaya ta ja biyu ta yi tafiyar kwana da kwanaki da ƙafa. Tsohon da ya ƙi barin ƙauye don kada a bar dabbobi da rumbu ba mai dubawa. Ungozomar da ta karɓi haihuwa da hasken tocila. Mai amalanken jaki da ya kwashe marasa lafiya. Mai kwalekwalen da ya haye da mutane kogi. Ɗan da yake aiki a wata ƙasa ya riƙa rage cikinsa yana aiko kuɗi. Maƙwabcin da ya ɓoye ku a ɗakinsa, ko da shi ba kabilarku ba ne, ko ba addininku ɗaya ba. Dukansu masu tsaron kaya ne a bakin rafin Besor, rabonsu kuwa cikakke ne.

Wanda ya nuna wa Dawuda hanyar maharan ma wani bawa ne Bamasare, da maigidansa ya yar a jeji don ya yi ciwo. Aka ba shi ruwa da abinci ya farfaɗo. Sau da yawa wanda ya ceci gida shi ne wanda ba a ko kallonsa. Ku bincika da kyau kada a manta da irinsa.

Abin da ba zai shiga kati ba

Saul ya yi shekaru yana farautar ran Dawuda. Duk da haka, da labari ya zo cewa Saul da Jonatan sun mutu a Dutsen Gilbowa, Dawuda ya yi makoki dominsu, ya kuma ce a koya wa mutanen Yahuza waƙar makokin. Ka karanta ta a hankali. Ba za ka sami inda ya ambaci māshin da Saul ya jefe shi da shi ba. Dawuda bai manta ba. Zaɓa ya yi abin da zai sa a bakin yara.

To, ga ƙa'idodi uku.

Ɗaya, kada a rubuta sunan wata kabila a matsayin abokiyar gāba. Wanda ya yi laifi mutum ne mai suna, akwai kuma wurin neman hakki, gaban hukuma da shari'a. Yafewa ba ta hana neman gaskiya. Amma katin da yaro zai riƙe ba wurin ƙara ba ne. Yaron da ya girma yana karanta cewa kabila kaza ce ta kashe kakansa, ran da ya ga ɗan kabilar a kasuwa ko a bakin rijiya, me kake tsammani zuciyarsa za ta gaya masa? A Shuɗin Nilu, waɗanda suka yi faɗa a 2022 kogi ɗaya suke sha, kasuwa ɗaya suke ci. Jikokinsu ma haka za su yi.

Biyu, kada a ƙara gishiri. In mutum direba ne a soja, a rubuta direba. In ya gudu da iyalinsa ya tsirar da su, a rubuta haka, ba abin kunya ba ne. Yabon ƙarya yana rage darajar na gaskiya.

Uku, kada a rubuta abin da zai jefa wani cikin haɗari. Inda ƙura ba ta lafa ba, takarda takan faɗa hannun da ba a nufa ba. Kada a sa sunan rundunar da mutum yake, ko inda wani yake ɓoye. In akwai tsoro, a rubuta "Baba" ko "Yaya" kawai, a bar gurbin suna har ranar da hankali ya kwanta. Wanda kuma ya ɓace ba a san inda yake ba, kada a rubuta shi cikin matattu. A rubuta ranar da aka gan shi ta ƙarshe, a bar sauran fili. Ƙungiyar Red Cross da takwararta ta Sudan, Hilal Ahmar, suna da sashen neman waɗanda yaƙi ya raba da danginsu, yana da kyau iyali su kai sunansa can.

Yadda ake haɗa katin

Kafin a taɓa almakashi, a fara da kunne. Yara su je wurin tsohon gida su durƙusa su gaishe shi, su ce, "Kaka, mun zo ku ba mu labarin Baba ne, muna so mu rubuta don kada ya ɓace." A tambayi cikakken suna, da garin haihuwa, da shekarar da abin ya faru, da aiki ɗaya takamaimai da mutumin ya yi. In tsoho ya yi shiru ko hawaye suka zo, kada a matsa masa. A ba shi ruwa, a dawo wata rana.

Kayan aiki su ne kwali mai tsabta, ko na sukari ko na ganyen shayi, da farar takarda daga littafin makaranta, da almakashi ko reza, da allura da zare, da alƙalami ko biro, da ƙaro. Ƙasar Sudan tana cikin waɗanda suka fi kowa fitar da ƙaro a duniya, a ƙasar Hausa ma ba ya wuyar samu. A jiƙa ɗan kaɗan cikin ruwan ɗumi ya kwana, da safe ya zama abin liƙi.

1. A yanka kwali, tsawo santimita 30, faɗi santimita 20. A ja layi a tsakiya da bayan wuƙa, a ninka biyu. Babba ne zai riƙe reza, ba yaro ba.

2. A shafa ƙaro kaɗan kaɗan, a liƙa farar takarda ciki da waje. A danne da abu mai nauyi har ya bushe, don kada ya tanƙware.

3. A yi launi da abin da yake gida. Zoɓo da aka jiƙa da ruwa kaɗan yana ba da ja. Lalle yana ba da ruwan ƙasa. Shunin wanki yana ba da shuɗi, ga mai son zana kogi. Gawayin da aka daka aka tankaɗe, aka dama da ruwan ƙaro, yana ba da baƙar tawada.

4. A bangon gaba a sa alama ɗaya da ta dace da mutumin. A Ingila jan fure suke maƙalawa ranar 11 ga Nuwamba, ranar da aka tsayar da Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918, domin irin furen ya tsiro a filayen da aka yi yaƙin. Mu ma mu ɗauki abin da ya tsiro a ƙasarmu. Ga manomin Jazira, ɗan curin auduga ko 'yan ƙwayoyin dawa. Ga uwa, ƙyalle daga tsohon zanenta, a ɗinke shi da zare. Ga soja, maɓallin rigarsa. Ga mai kwalekwale, zanen jirginsa.

5. A ciki, hannun dama, a rubuta suna, da gari, da shekara, sa'an nan jimla biyu ko uku a kan abin da ya yi. Misali: "Inna, a shekarar 2023 kun fito da mu bakwai daga gari da ƙafa, ba wanda ya ɓace. Kun ba mu ruwa kun hana kanku. Ba mu manta ba." Ko kuwa: "Kakanmu ya tafi yaƙi yana saurayi, ya komo ya riƙe fartanya, bai taɓa koya mana ƙin kowa ba."

6. A hannun hagu kowane ɗan gida ya sa sunansa. Wanda bai iya rubutu ba, da jariri, a shafa musu tawada a babban yatsa su dangwala. A sa kwanan wata a ƙasa.

A yi rubutun da irin baƙin da mai karɓa yake karantawa. Hausawan Sudan da yawa da haruffan Larabci suka yi karatu, saboda haka ajami ko Larabci zai fi yi musu amfani da boko. In za a ba maƙwabci Musulmi, a kiyaye abin da zai sa ya ji nauyin ajiye shi a ɗakinsa. Zanen itace, ko kogi, ko ado irin na bakin tabarma ya isa. Kyauta ce ta godiya, a bar ta a haka.

Jan zoɓo yakan koɗe in rana ta buge shi, gara kuma tana son kwali. A sa katin cikin leda a ajiye a akwati ko cikin littafi. Mai waya ya ɗauki hotonsa ya aika wa dangin da suka warwatsu, ko suna Gadarif, ko Masar, ko Kano. Wanda ya taɓa gudu ya bar gida da kome nasa ya san amfanin ajiye abu a wuri biyu.

Miƙa katin

Zumunta a ƙafa take. In mai katin yana da rai, a kai masa hannu da hannu, kada a jira sai ya mutu a yi ta yabonsa a gidan makoki. Ƙaramin yaro ya miƙa da hannu biyu, wani ya karanta da murya a gaban kowa. In ya rasu, a kai wa gwauruwarsa ko mahaifiyarsa, a zauna tare da ita, a yi mata ta'aziyya. Ba sai an yi dogon jawabi ba.

Zumuntar mata, da matasa, da malaman Makarantar Lahadi za su iya ɗaukar wannan aiki tare. A ware yamma ɗaya, kowa ya zo da kwalinsa. A kuma tuna da gidan da ba mai yi musu, kamar tsohuwar da 'ya'yanta duka suka tafi, ko baƙon da gudun hijira ya kawo unguwarku. A je a tambaye shi sunan wanda ya rasa. Watakila tun da ya zo ba wanda ya taɓa tambayarsa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ya sa aka ce kowace kabila ta ɗauko nata dutse, maimakon mutum ɗaya ya kwaso duka?

2. Wane ne mai tsaron kaya a gidanku, wanda ba a taɓa gode masa a fili ba?

3. Wane labarin yaƙi ko rikici ka gada daga iyayenka? Ya sa ka ƙaunar maƙwabcinka, ko jin tsoronsa?

4. Wace magana ce za ka so jikanka ya karanta game da kai?

Aikin mako: Kafin Lahadi mai zuwa, ka haɗa kati ɗaya tare da iyalinka, ka kai shi da ƙafarka.

Addu'a

Ya Ubangiji Allah, kai ne ba ka mantuwa. Ka san sunan kowane mutum da ya faɗi a hanya, har wanda ba a sami yi masa kabari ba. Muna roƙonka saboda mutanen Jazira, da Sinnar, da Shuɗin Nilu, da dukan ƙasar Sudan, ka ba su salama mai ɗorewa. Ka ta'azantar da gwauraye da marayu, ka komo da waɗanda suka ɓace. Mun gode maka saboda waɗanda suka tsaya dominmu, a bakin daga da cikin gida. Ka tsare bakinmu da alƙalaminmu, domin abin da za mu bar wa 'ya'yanmu ya zama gaskiya da godiya. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.